Filin Lafiyar Dabbobi: Gudawar da Ta Ƙi Tsayawa a Jikin Tsohuwar Kyanwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da kyanwa wadda shekarunta suka kai 12, a gidanmu aka haife ta, kuma ba ta taɓa zama a wani wuri ba. Yau kusan wata biyu ke nan tana fama da gudawa, takan lafa kwana biyu ko uku sannan ta dawo. Kashin ruwa-ruwa ne, mai yawa, mai wari ƙwarai, amma ban taɓa ganin jini a cikinsa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne cin abincinta ya ƙaru, har takan bi ni madafa tana kuka, ruwa ma tana sha fiye da yadda ta saba, amma kullum ramewa take yi, har ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Wani lokaci tana amai, da dare kuma ba ta barci sai yawo da kuka. Abincinta ragowar abin da muka ci ne, tuwo da miya ko shinkafa, da kan kifi, sai madara da nake dama mata da safe don ta sami ƙarfi. Na sayo Flagyl a kemis na ba ta, gudawar ta tsaya, da maganin ya ƙare sai ta dawo. Maƙwabciyata ta ce in gwada kafso ɗin nan ja da rawaya in haɗa da Panadol, maigidana kuwa ya ce tsufa ne kawai, ba shi da magani. Me ya kamata in yi?

Daga wata uwargida, Tudun Wada, Gombe

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya saka miki da alheri bisa kulawar da kike yi wa wannan dabba. Kafin komai, ina roƙonki kada ki ba ta Panadol, ko wani magani mai ɗauke da farasitamol, ko da rabin ƙwaya ne. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke warware wannan magani kamar yadda hantar ɗan Adam take yi, saboda haka ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta: jininta ya daina ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Haka nan ibufurofen da asfirin da ƙwayoyin tsayar da gudawa na mutane, duk ki nisanta su da ita. Kafso ja da rawaya kuwa, wato tetirasaikilin, an auna shi ne don babban mutum, ba don dabba mai kilo 3 ba, kuma ba na tsammanin zai taɓa abin da ke damunta.

Game da Flagyl, likitocin dabbobi suna amfani da shi a jikin kyanwa, amma da awo, kuma na ɗan lokaci. Ƙwaya mai miligiram 400 da ake sayarwa a kemis ta ninka abin da kyanwa ke buƙata sau da yawa, kuma idan ya taru a jikinta yana taɓa ƙwaƙwalwa, sai a ga tana tangaɗi, kanta ya karkace, wani lokaci har da farfaɗiya. Ban da wannan, yawan maimaita maganin kashe ƙwayoyin cuta yana hallaka ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji, waɗanda su ne ke taimaka wa narkewar abinci, har ya zama maganin da kansa ya ƙara tsawaita gudawar. Abin da kika gani, cewa ta tsaya sannan ta dawo, shaida ce cewa maganin ya lafar da alamar ne kurum, tushen ciwon yana nan.

Maganar maigida cewa tsufa ne, akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, domin kyanwar da ta haura shekara 10 ta shiga sahun tsofaffi, kuma cututtukan da zan ambata sun fi kama tsofaffin. Sai dai tsufa shi kaɗai ba ya sa gudawa. Duk gudawar da ta wuce mako uku, ko take tafiya tana dawowa, alama ce ta wani ciwo da ke ƙarƙashi, kuma da dama daga cikin waɗannan cututtuka ana iya riƙe su da magani kyanwa ta ƙara shekaru cikin ƙoshin lafiya. Kyanwar da ake kula da ita tana kai shekara 15, wasu har su kusanci 20.

Abu na farko da likita yake son ganewa shi ne daga wane ɓangaren hanji matsalar take fitowa. Idan daga babban hanji ne, kyanwa takan je bayan gida sau da yawa a rana, tana yunƙuri, kashin kaɗan-kaɗan ne, da majina, wani lokaci da jan jini, amma jikinta ba ya raguwa sosai. Idan kuwa daga ƙaramin hanji ne, inda jiki ke tsotse amfanin abinci, kashin yakan zo da yawa, ruwa-ruwa, mai wari, ga ramewa, ga amai jefi-jefi. Bayanin da kika yi ya fi kama da na biyun, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali, ba don gudawar ba, sai don ramewar. A wajen tsohuwar kyanwa nauyin jiki ya fi kamannin kashi faɗin gaskiya. Ki fara auna ta tun yau: ki hau sikeli kina riƙe da ita, ki sauke ta ki sake hawa, ki cire na biyu daga na farko, ko kuma, wanda ya fi dacewa, ki sa ta cikin kwando ki ɗora a kan ƙaramin sikeli irin na awon jarirai. Ki riƙa yin haka rana ɗaya a kowane mako, ki rubuta. Kyanwa mai kilo 3 da ta rasa giram 300 ta rasa kashi 10 cikin 100 na jikinta, alhali ido ba lalle ne ya lura ba saboda gashi yana rufewa.

Daga cikin abubuwan da kika lissafa, haɗuwar ci da yawa, shan ruwa da yawa, ramewa, amai da rashin natsuwa da dare a jikin kyanwa mai shekara 12 ta sa zargina na farko ya faɗa kan wata 'yar tsoka da ke gaban wuya, wadda likitoci ke kira tayirod, ita ce wadda idan ta kumbura a jikin mutum ake cewa ya yi maƙoƙo. Aikinta shi ne fitar da sinadarin da ke daidaita saurin da jiki ke ƙona abinci. A jikin tsofaffin kyanwoyi takan girma ta riƙa zubo sinadarin fiye da kima, sai jiki ya zama kamar murhun da aka buɗe wa iska, ana ta zuba itace yana cinyewa nan take. Zuciya tana bugawa da sauri, hanji yana tura abinci kafin a gama tsotse amfaninsa, shi ya sa ake samun gudawa da yunwar da ba ta ƙarewa. A shekarar 1979 aka fara bayyana wannan ciwo a jikin kyanwa a Amurka, kuma yau yana cikin cututtukan da aka fi samu a tsofaffinsu. Mafi yawan lokuta kumburin ba ciwon daji ba ne, kuma likita mai gwaninta yakan iya jin sa da yatsa a gefen maƙogwaro.

Gwajin jini ne ke tabbatar da shi, inda ake auna sinadarin da ake kira T4. A nan akwai wani tarko da ya kamata ki sani. Sau da yawa jinin dabba ana kai shi ɗakin gwaji na mutane ne, takardar sakamakon kuma tana fitowa da ma'aunin mutane a gefe. Adadin T4 na lafiyayyen mutum ya ninka na lafiyayyiyar kyanwa, saboda haka lambar da za a ce daidai take ga ɗan Adam tana iya zama ta yi yawa ƙwarai ga kyanwa. Kada ki karanta takardar da kanki ki yanke hukunci, ki mayar wa likitan dabbobi ya auna ta da ma'aunin kyanwa. Idan ya tabbata, ana ba da ƙwayar kabimazol ko metimazol kullum har ƙarshen rayuwa, a sake gwajin bayan mako biyu zuwa uku don a daidaita awon, a kuma riƙa duba ƙoda, domin wannan ciwo yakan ɓoye raunin ƙoda, sai an danne shi raunin ya bayyana. Mace mai juna biyu kada ta taɓa ƙwayar da hannunta. Idan tayirod ce tushen matsalar, gudawar takan tsaya da kanta cikin 'yan makonni da fara maganin.

Ba ita kaɗai ke kawo irin waɗannan alamu ba, shi ya sa jinin da aka ɗiba ya kamata a duba sukari da ƙoda da hanta a cikinsa gaba ɗaya. Ciwon sukari ma yana zuwa da ci da sha da ramewa, sai dai sukarin jinin kyanwa yakan hau saboda tsoro kawai idan an kai ta asibiti, don haka ake haɗawa da gwajin fitsari. Ciwon ƙoda ya zama ruwan dare a tsofaffin kyanwoyi, amma shi ya fi zuwa da ƙin abinci, ba ƙaruwar ci ba.

Tun kafin a kai ga jini, akwai gwaji mafi arha wanda ba na yarda a tsallake shi, wato na kashi. Kyanwar da ke kama ɓera da ƙadangare da tsaka, take kuma ɗauke da ƙuma a jikinta, ba ta rabuwa da tsutsar ciki, tsufa kuma ba ya kare ta. Idan kina ganin fararen gutsattsari masu girman ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta ko inda take kwana, wannan tsutsa ce mai faɗi wadda take samu ta hanyar haɗiye ƙuma ko cin ɓera, kuma maganinta dabam ne da na sauran tsutsotsi, sunansa farazikwantel. Akwai kuma wata ƙaramar halitta da ido ba ya gani mai suna jiyadiya, wadda ke shiga ta gurɓataccen ruwa, irin wanda ke kwanciya a kwata da bakin rijiya musamman da damina. Ki ɗebi kashin da ta yi sabo, kimanin cokalin shayi, ba tare da yashi ba, a cikin kwalba mai tsabta da murfi, ki kai cikin 'yan sa'o'i. Jiyadiya ba kullum take fitowa a kashi ba, saboda haka gwaji ɗaya da bai nuna komai ba bai wanke ta ba, akan so a maimaita har sau uku a ranaku dabam-dabam. Likitoci da yawa sukan ba da maganin tsutsa mai suna fenbendazol na kwana uku zuwa biyar ko da ba a ga komai ba, kuma ina ganin hikimar hakan. Likita ne zai auna shi gwargwadon nauyinta, kada a yanko mata daga babbar ƙwayar tsutsa ta shanu ko tumaki. Wajen kashe ƙuma kuma a kiyaye: maganin da aka yi don kare, musamman mai sinadarin fametirin, da fiya-fiya, da magungunan feshin gona, duk guba ne ga kyanwa.

Sai batun abinci, wanda shi ne ɓangaren da yake hannunki kacokan. Ki daina ba ta madara daga yau. Na san da kyakkyawar niyya kike yi, kuma kowa ya taso yana ganin ana ba kyanwa madara, amma yawancin kyanwoyi da zarar an yaye su sukan rasa sinadarin da ke narkar da sukarin da ke cikin madara, sai ya wuce hanji yadda yake, ya jawo ruwa, ya zama gudawa. Mai yiwuwa madarar da kika ƙara mata don ta yi ƙarfi tana cikin abin da ke hana cikin ya ɗaure. Miya ma ba abincinta ba ce: albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa ko an dafa su, barkono da mai suna tayar da hanji, gishiri da dunƙulen ɗanɗano kuma suna wahalar da tsohuwar ƙoda. Kyanwa maciyar nama ce tsantsa, jikinta yana buƙatar wani sinadari mai suna taurin wanda ba a samu a tuwo ko shinkafa, rashinsa kuma yana raunana zuciya da gani.

Abin da nake ba ki shawara shi ne gwajin abinci na mako biyu. Ki zaɓi nama iri ɗaya tak wanda ba ta saba ci ba, kamar zabo ko zomo, domin idan hanjinta ya ƙi wani abinci, yawanci wanda ta daɗe tana ci ne, kuma kifi da naman sa da kaza suna cikin waɗanda aka fi samu da haka. Ki dafa shi da ruwa zalla, ba gishiri, ba albasa, ba kayan ƙamshi, ki cire ƙashi da fata, ki yayyaga, ki haɗa da romonsa, saboda wani kaso na taurin yana fita cikin ruwan dahuwa. Ki raba shi ƙanana sau huɗu ko biyar a yini maimakon ci ɗaya mai yawa, ki kuma sauya mata a hankali cikin 'yan kwanaki, kina rage tsohon kina ƙara sabon. Wahalar wannan gwaji ba a dahuwa take ba, a tsarewa take: loma ɗaya da yaro ya jefa mata, ko zagaye ɗaya zuwa gidan maƙwabta, ya isa ya ɓata sakamakon, don haka sai an sanar da kowa a gidan, an kuma killace ta. Kyanwoyi da yawa masu daɗaɗɗiyar gudawa suna samun sauƙi da sauya abinci kaɗai, kuma akan ga bambanci cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma tsokar nama ita kaɗai ba cikakken abinci ba ce, ba ta da isasshen sinadarin gina ƙashi, saboda haka kada a wuce 'yan makonni a kanta ba tare da likita ya tsara abin da za a ƙara ba. Hanta kaɗan tana da amfani, yawanta kuwa yana sandarar da ƙasusuwan wuya. Wanda yake da hali yana iya sa a kawo masa abincin kyanwa na musamman don masu ciwon hanji daga manyan birane, amma abincin kare ba ya maye gurbinsa. Wannan gwaji ana yin sa ne tare da zuwa asibiti, ba a madadinsa ba, domin ramewarta ba ta ba mu damar jira ba.

Wata al'ada da ake yi wa mutum ko kare mai gudawa, ta hana shi abinci don ciki ya huta, ba ta dace da kyanwa ba. Idan ta yi kwanaki ba ta ci ba, kitse yakan taru a hantarta ya hana ta aiki, kuma wannan ya fi gudawar haɗari. Ruwa kuwa, lafiyayyiyar kyanwa tana buƙatar kimanin mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta a rana, har da wanda ke cikin abinci, mai gudawa kuma ta fi haka buƙata, balle a zafin Maris da Afrilu na Gombe, lokacin da ma'aunin zafi ke kusantar digiri 40. Ki ajiye mata ruwa mai tsabta, irin wanda ku ma kuke sha, a wurare biyu ko uku cikin inuwa, ki riƙa sauyawa. Ruwan gishiri da sukari yawancinsu ba sa karɓa, romon naman nan marar gishiri ya fi shiga, kuma kada a ɗura mata da ƙarfi don kada ya bi hanyar numfashi. Don gane ko ruwan jikinta ya ragu, ki ɗaga leɓenta ki taɓa dasashi: na lafiyayya yana da danshi da santsi, na wadda ta bushe yana manne wa yatsa. Jan fatar wuya da ake yi ba abin dogaro ba ne sosai a tsohuwar kyanwa ramammiya, don fatarta dama ta saki.

Kada ki jira ranar da kika tsara idan kika ga ta ƙi abinci yini da kwana, ko kashin ya koma baƙi ƙirin mai danƙo, wanda ke nuna jini na zuba daga can sama, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idanu da dasashi sun yi rawaya ko sun yi fari fat, ko wuyanta ya langaɓe ta kasa ɗaga kai, ko tana numfashi baki buɗe. Kowane ɗaya daga cikinsu na buƙatar likita a ranar, kuma sau da yawa ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata ko ta jijiya shi ne ke ceton rai.

Idan kashi bai nuna komai ba, jini ya fito lafiya, sauya abinci kuma bai yi aiki ba, to hankali zai koma kan bangon hanjin kansa. Abu biyu ne suka fi yawa a wannan shekaru: daɗaɗɗen kumburin hanji, da wani nau'in ciwon daji mai tafiyar hawainiya da ake kira limfoma. Alamunsu iri ɗaya ne, hoton ciki yana iya nuna hanjin ya yi kauri amma ba ya raba su, sai an yanko ɗan yanki an duba a madubin likita. Sunan ciwon daji yana da ban tsoro, amma wannan nau'in yana jin magani fiye da yadda ake zato, kuma da ƙwayoyin furedinisolon da kuloramubusil kyanwoyi da yawa sukan ƙara shekara ɗaya zuwa biyu, wasu fiye, suna ci suna wasa. Furedinisolon ba a fara shi da ka, domin yana rage garkuwar jiki, yana iya tayar da ciwon sukari, yana kuma ɓoye abin da gwaji zai nuna daga baya. Wani abu mai arha da ake yawan mantawa shi ne bitamin B12: ƙarshen ƙaramin hanji ne ke tsotse shi, hanjin da ya daɗe da ciwo kuma ba ya iyawa, idan ya yi ƙasa kuwa sauran magunguna ba sa aiki yadda ya kamata. Akan yi allurarsa sau ɗaya a mako har mako shida, ki tuna wa likita da shi.

Ki fara da asibitin dabbobi na gwamnati a nan Gombe. Yawancin aikin likitocinmu a wannan yanki a kan shanu da tumaki da kaji yake, abin da ya dace da tattalin arzikin jama'a, saboda haka ba laifi ba ne ki nemi wanda ya saba da ƙananan dabbobi. Idan ana buƙatar gwajin da ya fi ƙarfinsu, akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, da asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Maiduguri da Jos da Zariya, kuma sau da yawa samfurin ake aikawa ba dabbar ba. Ki ɗauke ta da safe cikin kwando mai murfi ko kwali mai huji, ba cikin buhu ba, ki tafi da kwalin Flagyl ɗin da kika ba ta da takardar da kike rubuta nauyinta, da hoton kashin a waya idan da hali.

TAMBAYA

Malam Likita, muzuruna ya tsufa, ya yi fiye da wata yana zawo, kuma yanzu a cikin yashin tsakar gida yake yi, inda yara ke wasa, ga shi iyalina tana da juna biyu. Ina wanke wurin da Izal. Shin zai iya sa mana cuta? Ina tunanin in kai shi bayan gari in sake shi.

Daga wani magidanci, Yelwa, Bauchi

AMSA

Malam, damuwarka tana kan hanya. Kashin kyanwa mai zawo yana iya ɗauke da ƙwan tsutsa da ƙwayoyin cutar da ke kama mutum, kuma yaran da ke wasa da yashi suna kai hannu baki su ne suka fi shiga haɗari. Ga mai juna biyu abin da ake tsoro shi ne wata ƙaramar halitta mai suna tokzofilazma, wadda ke iya cutar da ɗan tayi idan uwa ta kamu a karon farko tana da ciki. Sai dai kyanwa tana zubar da ƙwan wannan halitta ne na ɗan lokaci bayan ta fara kamuwa, galibi tun tana ƙarama, kuma ƙwan ba ya iya kama mutum sai ya yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje. Saboda haka kwashe kashin kullum yana rage haɗarin ƙwarai, amma kai ko wani babba ne zai yi, ba maiɗakinka ba, da leda a hannu, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Ita kuma ta kula da dafa nama ya nuna sosai da wanke ganye da kayan lambu, domin ta nan ma ake kamuwa.

Ka kwashe saman yashin da ya ɓata ka zubar nesa da yara, ka ware masa kasko mai faɗi da yashi a wani lungu. Bakin kaskon ya zama gajere, don tsofaffin kyanwoyi suna fama da ciwon gaɓoɓi, kuma mai zawo ba ya iya riƙewa har ya yi nisa, ba ƙazanta ce ta same shi ba. Izal da Dettol da danginsu ba su dace da wurin da kyanwa ke takawa ba, saboda tana lasar ƙafafunta, hantarta kuma ba ta iya warware sinadarin da ke cikinsu. A kan siminti ka fara wankewa da ruwa da sabulu, ka kwara tafasasshen ruwa, sannan ka shafa bilic da aka tsarma, murfi ɗaya cikin murfi 30 na ruwa, ka bar shi minti goma, ka ɗauraye, rana ta busar kafin ya dawo wurin.

Batun sakin sa a bayan gari, ban goyi baya ba. Tsohon muzuru marar lafiya da ya saba da gida ba zai iya farauta ba, yunwa da ƙishirwa ne za su kashe shi a hankali, kuma ka san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Duk abin da na faɗa wa Hajiya a sama ya shafe ka, tun daga gwajin kashi da maganin tsutsa har zuwa hana madara, da ƙarin abu ɗaya. Muzurun da ya yi rayuwarsa yana faɗa da 'yan uwansa a kan katanga yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke karya garkuwar jikin kyanwa, wadda ake kira FIV, tana yaɗuwa ta hanyar cizo, kuma takan yi shekaru a ɓoye kafin ta bayyana da zawo, ciwon baki da ramewa. Ba ta kama ɗan Adam ko kaɗan, kada sunanta ya firgita iyalinka. Ana gane ta da ɗigon jini, saboda haka ka tambayi likita ko yana da abin gwajin ko zai iya aikawa. Idan an same ta, a riƙa tsare shi a gida don kada ya ciji wasu, a ba shi dafaffen nama kawai, a kuma kai shi asibiti da wuri duk lokacin da wani sabon ciwo ya taso.